A Buɗe Tagar Ɗakin Injin Ruwa Kafin Damina Ta Wuce

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ruwan Sha na garinmu,
Baba Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, ina kuma gaida sauran dattawan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Ina fata damina tana yi muku kyau. Na gode da ta'aziyyar da kuka zo har sau biyu, da buhun geron da ka aiko ranar sadakar uku. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Ni ce Malama Rabi, mai koyar da 'yan aji huɗu a firamare, matar marigayi mai kula da injin ruwa. Kai ka san ni tun ina goye, domin tare kuke cin kasuwar Shinkafi da mahaifina. Na faɗi ko ni wace ce ne saboda ba kai kaɗai za ka karanta wannan takarda ba. Na aika wa Liman ɗaya, na kuma sa an liƙa ɗaya a jikin tanki, inda kowa ke ɗiban ruwa. Na san wasu za su ce mai takaba ba ta da bakin magana a bainar jama'a. Da ina iya fita, da na zo na durƙusa a zaurenka mun gama tsakaninmu. Sau biyu ina tura yayana wurinka da wannan magana, sau biyu yana dawowa da cewa za a duba. Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in, ba a duba ba.

Ba diyya nake nema ba, ba kuma ƙarar kowa zan kai ba. Maganata a kan taga ce, tagar ɗakin injin da kuka toshe da bulo. Akwai wani mutum a cikin ɗakin nan yanzu haka, kuma ina tsoron abin da zai same shi.

Na farko, ina so in tuna muku wanda kuka rasa.

A shekarar da aka ba mu jiharmu aka haƙa mana burtsatse, aka kawo janareta mai shan dizal da zai riƙa tura ruwa zuwa tanki, tunda wutar gwamnati ba ta iso mu ba. Kun nemi wanda ya san inji, ba ku sami kowa ba sai maigidana, wanda ya yi shekaru yana aiki a garejin wani bakanike a Ƙaura, Oga Sunday, mutumin kudu. Tun daga ranar ni ma na zama rabin bakanike, ba don ina so ba. Na san ba a tayar da inji sai an zaro sandar awo an duba baƙin mai, an leƙa ruwan lagireto, an danna bel da yatsa an ji ƙarfinsa. Na san dizal ɗin da ake sayowa a jarka yana zuwa da ruwa da datti, don haka sai ya kwana ya kwanta, a tace shi da kyalle kafin a zuba. Ɗankwalina nawa suka tafi wajen wannan tata, Allah kaɗai Ya sani. In na yi mita sai ya ce ai ruwan da nake wanka da shi ne ya ci ɗankwalin.

Daga tsakar gidanmu ana jin ƙarar injin. Yana cikin cin tuwo sai ka ga ya tsaya da loma a hannu, ya karkata kai, ya ce matatar mai ta fara toshewa. Ni kuwa ƙara ɗaya nake ji kullum. Ku ne shaida, a hannunsa garin nan bai taɓa yini biyu a jere babu ruwa ba. Bai kuma taɓa barin tanki ya cika har ya zube ba, domin ya ce wannan ƙona dizal ne a banza. Yana gane tanki ya kusa cika tun kafin ya leƙa.

Na biyu, yadda aka toshe tagar.

Ɗakin injin yana da ƙofa ɗaya ta gabas da taga ɗaya ta yamma. Iska tana shiga ta nan ta fita ta can. Durom ɗin dizal yana ajiye a ƙarƙashin tagar. Da bazarar bana aka wayi gari wani ya zura tiyo ta tagar ya zuƙe mai. Bayan mako biyu aka sake. Kwamiti ya zauna. Ba na wurin, amma maigidana ya ba ni labari, kuma ba mutum ne mai ƙari a magana ba.

Ya ce wasu sun kawo shawarar a yi kwanto a kama ɓarawon. Kai ne ka hana. Ka ce yanzu zamanin Shari'a ne, in aka kama shi aka kai gaban alƙali, ba a san inda abin zai tsaya ba, kuma ko wane ne ɗan garin nan ne, uwarsa tana ɗiban ruwa a famfon nan. Ka ce gara a toshe hanyar ɓarnar a rufa wa kowa asiri. Baba Alhaji, wallahi da na ji haka na yaba maka, har yau ma ban ce mugun nufi ne ba. Tausayi ne ya sa ka.

Amma maigidana ya yi magana a wurin, kuma duk wanda ya halarta ya ji. Ya ce: “Ranka shi daɗe, in anka liƙe tagag ga, injin ba shi samun iska, ni ma ba ni samu. A sa mata rodi, in jaye durom ɗin can ƙurya.” Aka ce masa tiyo yana bi ta tsakanin rodi, kuma bulo yana nan a ajiye, ragowar ginin masallaci. Wani ma ya yi masa ba'a, ya ce da can da yake kwance ƙarƙashin manyan motoci a Ƙaura taga nawa gare shi. Aka yi dariya. Kashegari magini ya zo.

Da Oga Sunday ya zo sauya wa injin mai bayan haka, ya ga bangon, ya riƙe baki. Ya ce wannan ɗaki ya zama tanda. Ya nuna wa sakataren kwamiti inda bututun salansa, mai fitar da hayaƙi waje, ya tsage a wurin da ya shiga bango, ya ce a kira mai walda tun da wuri, kuma kada a kuskura a rufe ƙofa inji yana aiki. Sakatare ya rubuta a takarda. Mai walda bai zo ba. Maigidana ya naɗe wurin da gwangwanin madara da waya, ya ci gaba da aiki ƙofa a wangale.

Tun daga lokacin ya fara dawowa gida da ciwon kai. Idonsa ya yi ja, in ya yi kaki sai ka ga baƙi. Mutumin da ke cinye malmala biyu ya koma taɓa ɗaya ya ture. Na ce ya ajiye aikin. Ya ce in ya ajiye, wa zai kama? A nan ina da nawa laifin, kuma shi ne yake cina kullum. Da na tsaya da ƙarfina, ko na zo wurinka na yi kuka tun a lokacin, wataƙila da an ji. Sai na riƙa jiƙa masa tsamiya ina cewa zafin gari ne.

Na uku, ranar da abin ya faru.

Laraba ce, bayan azahar. Ya tayar da inji don ya cika tanki kafin matan la'asar su fito. Hadari ya haɗo daga gabas, ya sauko da iska mai ƙarfi. Ku da kanku kun san ƙofar ɗakin gabas take kallo. In ruwa ya zo da iska, kai tsaye yake feshi a kan ɓangaren da ke ba da wuta, kuma in wannan ya jiƙe ya ƙone, garin nan ya koma shan ruwan tafki. A shekarun baya in haka ta faru sai ya tura ƙofa ya bar taga tana aikinta. Ranar babu taga. Ya san haɗarin, ba jahili ba ne. Ina jin ya ce a ransa bari ya tura ƙofar na ɗan lokaci, iskar ta lafa. Ruwan kuwa bai tsaya ba sai bayan la'asar.

Matan da suka fara isa famfo su suka ga tanki yana ambaliya, inji yana ta aiki, ƙofa a rufe. Inna Kulu mai ƙosai ta ce tana ganin ruwan nan yana zuba ta san ba lafiya, domin ba ta taɓa ganin haka ba. Suka kira maza. An same shi a zaune ya jingina da bango, tsumman goge inji a hannunsa. An sa shi a mota zuwa Ƙaura, amma likitan da ya duba shi ya ce ya riga ya cika, kuma ya gaya wa yayana a fili cewa hayaƙi ne. Ni a lokacin ina gida ina kwashe shanya. Ina jin ƙarar injin tun daga farko har ƙarshe, ban san komai ba.

Na huɗu, abin da ake faɗa tun daga ranar.

An ce kwanansa ne ya ƙare. Haka ne, na yarda, ni Musulma ce, kuma ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma an wuce nan. Wasu sun ce barci ya yi a bakin aiki. Wannan ta yi mini zafi ƙwarai, domin 'ya'yansa suna ji, kuma babbar ta dawo daga makarantar allo tana kuka a kanta. Wasu kuma sun ce ɗakin ne ba lafiya, akwai mutanen ɓoye a ciki. Na ji kwamiti ya tara malamai sun yi sauka a wurin, har an kunna turare an zagaya inji da shi. Allah Ya karɓi addu'ar. Sai dai, Baba Alhaji, ɗakin da hayaƙi ya kashe mutum a ciki ba ƙarin hayaƙi yake bukata ba. Malaman sun tashi, bulo yana nan inda yake, gwangwanin madara yana nan a jikin salansa.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Kwana bakwai da rasuwar kuka ba Lawali makullin ɗakin, ƙanen marigayi, uwa ɗaya uba ɗaya. Kun ce aikin ya zauna a gidan don a taimaki marayu, na kuma san da alheri kuka yi. Lawali manomi ne. Abin da ya sani na inji shi ne ɗan abin da ya gani in ya kai wa yayansa abinci. Ya karɓa ne don yanzu shi ke ciyar da gida biyu, nasa da nawa, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce muku a'a ba.

Gida ɗaya muke, katanga ce kawai tsakaninmu. Ina jin tarinsa da safe. Matarsa Hajara ta zo ta tambaye ni abin da nake ba marigayi in kansa yana sarawa. Na sa an kira mini Lawali, na yi masa magana ta bayan labule, na ce ko ruwa zai cinye injin kada ya rufe ƙofar nan. Ya ce: “To Yaya, in injin ya ƙone a hannuna, mi za ni ce ma mutanen gari? Su ce wansa ya riƙe shi shekaru, shi ya kashe shi wata guda?” Kun ji irin tunanin da ke ransa. Irinsa ne ya sa yayansa ya tura ƙofa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, don girman Allah.

A fasa bulon nan a mayar da taga, a sa mata rodi, a janye durom zuwa ƙurya kamar yadda marigayi ya ce tun farko. Aikin yini ɗaya ne. In tsoron ɓarawo ne, a fitar da dizal ɗin gaba ɗaya a ajiye a gidanka, a riƙa ɗiba kullum da safe.

A kira mai walda ya gyara salansa, a kuma yi wa ƙofar 'yar rumfar kwano da za ta tare feshin ruwa.

A ɗauko Oga Sunday ya zauna da Lawali ko na kwana biyu ne, ya koya masa aikin yadda ya kamata. Kafin a yi duk wannan, ka kira Lawali da bakinka, a gaban mutane, ka ce masa in hadari ya taso ya kashe inji ya fito, kwamiti ya ɗauke masa laifi. Daga bakinka kawai zai yarda. In gari ya yini babu ruwa, ni zan fara haƙura.

Sannan ina roƙon Liman ya faɗa wa jama'a ranar Juma'a cewa mijina ba barci ya yi ba.

Baba Alhaji, damina ba ta ƙare ba. Jiya da hantsi gabas ta yi baƙi, Lawali yana wurin inji. Hajara tana tuƙa tuwo, da cikinta wata bakwai. Iska tana kaɗawa ta saki muciya, ta fita da gudu ko mayafi babu, ta nufi tanki. Ni ce na sauke mata tukunyar. Hadarin ya watse bai zubo ba, ta dawo tana haki, ta zauna a bakin tabarmata. Ba na so ranar da zan tashi daga tabarmar takabar nan a shimfiɗa wa Hajara ita.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya jiƙan maigidana, Ya yafe masa, Ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

'Yarka,
Malama Rabi