Inna Ta Manta Rantsuwarta, Ni Ban Manta Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya kulle, kuma ba yarinya ba ce ni, da jikokina.

Maganar mahaifiyata ce. Inna ta haura tamanin, tana wajena a Kazaure tun rasuwar Baba. Tsufa ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, tun bara ta daina gane mu, ni da nake mata wanka baiwar Allah take kirana. Wuni take zaune tana kallon bango, abinci sai da lallami, ƙafafu duk sun kumbura saboda zama. Likita ya ce ba maganin da zai dawo da ita, a dai riƙa fito da ita hantsi, ta motsa jiki, a nemo abin da take so da can a sa ta yi.

To abin da Inna take so da can shi ne matsalar. A ƙuruciyarta makaɗiyar ƙwarya ce ta gidan biki, irin wadda ake kifa ƙwarya a ruwa ana bugawa. Daga Roni har Gwiwa da Babura, biki in ba ita bai cika ba. Shekarun nan da kuɗin fetur suka shigo, aka bar sulai aka koma naira, mata har atamfa suke yafa mata a fili, da wannan sana'ar ta biya kujerar Makka.

Watan jiya ina wanke-wanke a tsakar gida, ƙwaryar fura ta kife a cikin baho. Inna tana kan tabarma kusa da ni, kawai ta miƙa hannu ta ɗauki ludayi ta buga. Hannun nan da ko kofi ba ya riƙewa, shi ne yake kiɗa tiryan-tiryan, ta kama waƙa tana jero sunayen matan da suka mutu tun ina 'yar firamare. Da ta gama ta dube ni ta kira sunana, ta ce yunwa take ji. Na shige kicin na sha kukana.

Daga nan kullum da hantsi sai in kifa mata ƙwarya biyu. Ta fara cin tuwo da hannunta, tana takawa har zaure, kumburin ya saɓe, barci kuwa har da minshari. Tsofaffin unguwa biyu suka riƙa shigowa suna mata amshi, ana tafi ana dariya, gidan ya zama gida.

Sai labari ya kai kunnen yayanmu, wanda shi ne limamin masallacin unguwarsu. Ya zo ransa a ɓace, ya ce na mai da uwarmu abin kallo. Ni ma bakina ba ya shiru, na ce shi da yake leƙowa ranar Juma'a da ledar lemo me ya sani a jinya, ya zo ya kwana biyu da ita mana. Muka yi ba daɗi. Bai biye mini ba, sai ya tambaye ni ko na manta ranar da Inna ta dawo daga Makka. Ni kuwa ban manta ba.

Ranar, da sabon haƙorin Makkanta, ta fito da ƙoren kiɗanta gaba ɗaya ta farfasa su a tsakar gida, ta dafa Alƙur'ani ta ce ta bar kiɗa har abada. Ba wanda ya sa ta, Baba ma haƙuri yake ba ta. Sannan ta kama kunnena ta ce, "Ke ce mace, ke za ki yi jinyata. Ko na tsufa na ruɗe, kada ki bari in koma ga Allah da ƙwarya a hannu." Kuma tun daga ranar ko a bikina ba ta buga ba.

Yaya ya ce amana ce ta ba ni tana cikin hankalinta, yanzu da ba ta da shi ni ce hankalinta. Na ce ai wanda ya ruɗe alƙalami ya sauka daga kansa, ya ce daga kanta ya sauka, ba daga kaina ba. Ya kwashe ƙoren ya tafi da su.

Yanzu mun koma gidan jiya, har ma ya fi. Ta daina cin abinci sai ruwan koko, tana zaune tana buga cinyarta da yatsu, tana lalube a kan tabarma. Ƙwarya ba wuyar samu take ba, akwai wata a kicin, sau nawa ina ɗaukowa in kai bakin ƙofa in mayar. In na ba ta na ci amanarta, in na hana ta ina kallo tana ƙarewa. Yau da safe ta riƙe mini zani ta ce, "Baiwar Allah, ba ki ga ƙwaryata ba?"

Malamai da masu jinyar tsofaffi a gidan nan, ku gaya mini tsakaninku da Allah, maganar wa zan bi, Innar da ta kama kunnena ko wadda ta riƙe mini zani yau? Gobe da hantsi za ta sake tambaya, ban san me zan ce mata ba.