Reshen da Aka Sare a Kan Sheƙar Gaggafa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ban ce da mijinki ba, kuma ba mantuwa na yi ba.

Kin san ba na yin magana mai nauyi ta waya, shi ya sa na ɗauki biro. Jaridar da kika aiko mini ta iso. Na ga Dogo yana washe baki, riƙe da kofin gasar hotunan tsuntsaye. Na ga kuma hoton da ya ci gasar da shi: gaggafa ta sauko kan sheƙa da fikafikai a buɗe, ɗanta ya ɗaga baki, rana ta haske su tas. A ƙasa kin rubuta da jan biro, "Yaya, ka ga ɗalibinka!" To, na gan shi.

Na karanta abin da ya gaya wa ɗan jarida. Wai shekara uku ya yi yana yawon daji kafin ya gano sheƙar. Auta, mutumin da bai san bambancin shirwa da shaho ba sai da na zaunar da shi na koya masa. Mai ɗaukar hoton biki da na fasfo. Ni shekara goma sha tara nake zuwa wurin nan. Tun ranar da suka sallame ni daga ma'aikatar gandun daji, suka ba wanda na koya wa rubuta rahoto kujerata, ba ni da wani ofis sai maɓoyar buhu da kara da na kafa a cikin sarƙaƙiya. Littafi goma sha ɗaya na cika da abin da tsuntsayen nan biyu, macen da namijin, suke yi. Ban taɓa nuna wa kowa wurin ba sai shi, shi ma don kin matsa mini ne, kika ce yana so ya koya. Sai da ya rantse mini ba zai kusanci bishiyar ba.

Amma ba ƙaryar ce ta fi ci mini rai ba. Ki sake duba hoton. Sheƙar nan ba a filin rana take ba. Akwai wani reshe mai kauri da ya yi mata rumfa. Duk tsawon shekarun nan reshen yana ɓata mini hoto, ban taɓa shi ba, don na san amfaninsa. Mijinki ya hau da igiya da zarto ya sare shi, don haske ya shiga. Ƙwai ɗaya tak uwar take yi, ta kwanta a kansa kusan wata biyu. Kwana huɗu bayan ya ɗauki hotonsa na tsinci ɗan a gindin bishiya, rana ta gasa shi, tururuwa sun cika masa ido.

Kofin da ke kan teburinku a kan gawa aka ba shi. Ki gaya masa ina da shaida, kuma na san adireshin alƙalan gasar.

Ki shafa mini kan yara. Na bar ki lafiya.

Yayanki.

*

Yayana na kaina,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma tambayar ƙafar nan, ko ka ci gaba da shan maganin ko ka jefa shi bayan kabad kamar wancan.

Wallahi wasiƙarka ta hana ni cin abinci. Da ya dawo daga shago ban ce masa sannu ba, na miƙa masa ita. Ya karanta a tsaye, sai ya zauna a hannun kujera. Na ce, "Baban yara, ka sare ko ba ka sare ba?" Ya ce, "Reshe ɗaya ne fa." Na ce, "Ni ma wuya ɗaya gare ni, zo ka sare." Bai yi dariya ba. Ya ce bai san ɗan ya mutu ba, tun da ya sami hoton bai koma ba. Na yarda da shi, Yaya. Shekara ashirin da biyu ina zaune da shi, idan zai yi ƙarya kunnensa yake ja, ranar bai ja ba.

Ya yi laifi, ban kare shi ba. Amma ka ji abin da ba ka sani ba. Wata mujalla ta kira shi aiki saboda hoton nan, watan gobe zai fara. Ka san yadda shagon ya koma tun da kowa ya zama mai hoto da wayarsa. Wuni yake yi yana kore ƙuda daga labulen da ake tsayawa a gabansa. Babbar 'yarka ta gidan nan ta liƙa jaridar a bangon ajinsu. Idan ka aika wa mutanen nan, ba kofi kaɗai za su karɓe ba.

Kuma bari in faɗa maka gaskiya ko za ka yi fushi, ai na saba. Haushin ma'aikata kake hucewa a kansa. Su ba ka iya yi musu komai ba, sai ga mijin Auta ya zo hannu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tsuntsuwa za ta sake yin ƙwai, ni kuwa ba zan sake samun wani yayan ba, shi ya sa nake roƙonka kada ka sa ni zaɓi.

Wace shaida ce ma kake da ita? Wa ya gan shi a dajin nan da ko mai kiwo ba ya bi?

Allah Ya huci zuciyarka. Yara suna gaida Kawu.

Taka,
Auta.

*

Malam mai hoto,

Sallama irin ta addini, don ita ba a hana kowa.

Matarka ta tambayi shaida. Ga ta nan a cikin ambulan. Ka duba da kyau, ai sana'arka ce. Wannan kai ne a kan bishiya, da rigar nan mai aljihu barkatai da ka saya don a ce kai ma ɗan daji ne. Ga zarto a hannunka na dama. Ga sheƙa a ƙarƙashin gwiwarka. Baƙin abin da ke sama, uwar ce take kewaya. Ban taɓa ɗaukar hoton mutum da ya fito da kyau haka ba.

Na tuna ranar da na fara kai ka. Muna zaune a maɓoya ka ce, "Yaya, reshen can ya ɓata komai." Na ce maka shi ya sa suka zaɓi wurin. Ka ce, "Allah Sarki, hikima!" Har rubutawa ka yi a ɗan littafinka. Ashe wurin sara kake aunawa.

Ga abin da nake so. Ka rubuta wa alƙalan da hannunka, ka faɗi abin da ka yi, ka mayar musu da kofinsu. Ka kira ɗan jaridar nan ka gaya masa wanda ya nuna maka sheƙar. Na ba ka sati biyu daga yau. Idan wa'adin ya cika ban ji komai ba, ni zan rubuta, kuma ka san na fi ka iya rubutu.

Kada ka turo mini Auta. Ba ita ta hau bishiya ba.

Wassalam.

*

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina neman afuwarka kafin in ce komai.

Na sare reshen. Ba ni da wata hujja. Na ga haske ne kawai, idona ya rufe. Tun da na ji abin da ya sami ɗan, ko kallon kofin ba na son yi, Auta ta sa shi cikin kwali. Zan kira ɗan jarida in ce kai ne malamina, kai ka gano wurin. Zan zo har gida in durƙusa a gaban duk wanda ka tara. Amma ba zan iya rubuta wa alƙalai ba, Yaya. Yara huɗu ne.

Ka ce in duba hoton da kyau, na duba. Daga maɓoyarka aka ɗauke shi. Na je da sassafe ina zaton ba ka nan, ashe kana ciki. Tsakaninmu bai kai taku tamanin ba. Zarton aro ne, ba shi da kaifi, na fi minti arba'in ina fama. A hoton nan ko rabin reshen ban ci ba. Yaya, ni da kai mun san ko tari ka yi da na sauko ina rawar jiki. Me ya hana ka magana?

Abu na biyu. Ka yanke gefen hagu na hoton da almakashi. Na san abin da ke wurin: tsohon tankin ruwa da gadar jirgin ƙasa. Alƙalan nan ba sa karɓar yankakken hoto a matsayin shaida, asalinsa za su nema, yadda ya fito daga kyamara. Ni ma sai da suka nemi nawa. Kuma in sun karɓe kofi, bugawa suke yi kowa ya gani. Duk mai mota da kyamara zai gane wurin. Ni ko da ɗan jarida ya matsa mini, cewa na yi daji ne mai nisa. Wannan alƙawarin ɗaya dai na riƙe maka.

Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama tsakaninmu. Su ka bar su.

Ƙaninka,
Dogo.

*

Dogo,

Na sami takardarka. Ashe ka iya duba hoto. Da na san haka da na ƙara yi maka wuya a darasi.

Ka tambayi abin da ya hana ni magana. Wata biyar ina gaya wa kaina cewa ba a ɗaga murya kusa da sheƙa, doka ce da ban taɓa karyawa ba. Ƙarya nake yi. Hoto talatin da ɗaya na ɗauka, hannuna ko rawa bai yi ba. Daɗi na ji. Duk rayuwata mutane suna hawa kan aikina su wuce, ban taɓa kama ko ɗaya da hannu a ciki ba, sai ranar. Na bar ka ka gama don shaidar ta cika. Ka ga ke nan mu biyu muka kashe shi, kai da zarto, ni da kyamara. Bambancin kawai, ni ba a ba ni kofi ba.

Maganar tanki da gada ma gaskiyarka ce. Shekaranjiya na ga namijin ya sauka da kara a baki, sun fara gyaran sheƙa. Na zauna na dube su har rana ta take. Na dawo gida, na kwafi asalin hotunan duka talatin da ɗaya, ban yanke ko kusurwa ba, na sa adireshin alƙalan, na kai gidan waya da ƙafata.

Wa'adinka saura kwana uku, na sani. Ban iya jira ba.

Wassalam.

*

Auta,

Sallama. Wasiƙuna biyu na aiko, ba ki amsa ba. Ban ga laifinki ba.

Na ga sanarwar. Sun karɓe kofin, mujallar ma na ji ta fasa. Sun buga hoton da na ɗauka babba, da sunana a ƙasa. Wannan ne karo na farko da aka buga aikina.

Ran Asabar na ƙirga mota tara a bakin gada. Sun tattake sarƙaƙiyar, wani ya kwashe buhunan maɓoyata ya shimfiɗa ya zauna. Tsuntsayen sati uku ke nan ban gan su ba. Mutanen dai ba su fasa zuwa ba, sheƙar suke ɗauka haka nan babu kowa a ciki.

Jiya ina tsaye a gindin bishiyar, wani mai sabuwar kyamara ya taɓa ni a kafaɗa ya ce, "Baba, ɗan matsa mana, ka tare mini hoto."

Na matsa.

Ki gaida yara, idan za su amsa.

Yayanki.