Kayan Sallar da Rabi Ta Dawo da Su

Laraba, saura kwana uku Sallah

Barci ya ƙi zuwa. Ni na je har Gagarawa na lallashi Rabi, ɗiyar kawuna, ta yarda ƙungiyarmu ta ɗinka wa 'ya'yanta kayan Sallah. Tun rasuwar mijinta ba ta taɓa roƙon kowa ba. Na rantse mata a leda za a kai har ɗaki, ko maƙwabta ba za su ji ba. Haka muka yi da Hajiya Binta, shugabarmu.

Yau da hantsi sai ga hoton yaran yana yawo a waya. An jera su a ƙofar gida, an rubuta “Marayunmu”, Hajiya a tsakiya tana murmushi. Na kira ta, wai, “Haba Malama, in ba hoto wa zai yarda mun raba?”

Da la'asar Rabi ta zo Gumel da kanta. Ta ajiye kayan a kan keken ɗinkina, ko ninkin ba a warware ba. Ta ce, “Yaya, Allah Ya saka. Amma 'ya'yana suna da uwa.”

Hajiya ta samu hotonta. Ni kuma da wane ido zan shiga gidan Rabi ran Sallah?