Hoton Hajiya Yaba da Babban Yatsana Ya Goge

Zuwa ga masu girma injiniyoyin kamfanin da ya ƙera kyamarata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Sunana Balkisa, daga Zangon Wagadugu. Na yi shekara huɗu a jami'a ina karatun adabin Faransanci, kuma abin da karatun ya haifar shi ne yau ni ke ɗaukar hoton suna da biki a unguwarmu. Ba don gwaninta aka zaɓe ni ba. Mace ce ni, ana barina in shiga inda mata suka ajiye mayafi.

Mai siba, wato shagon intanet na unguwar Paspanga, ya ce mini kyamarar zamani tana da ƙwaƙwalwa, kuma kuna iya ƙara mata wayo ta intanet ba sai an sayi sabuwa ba. Shi ya sa na rubuto.

"Balki, goge wannan, na fito kamar an tashe ni daga barci." Haka Anti Rabi, ƙanwar mai gida, ta ce mini ranar Asabar ɗin da ta wuce a gidan Alhaji Sani mai shadda. Lokacin kyamarar fim, mace kan jira mako guda ta karɓi hotonta da ƙaddararta tare. Yanzu kowace sai ta leƙa ɗan gilashin bayan kyamara ta yanke hukunci a tsaye.

Sunan jikar Alhaji ake yi, kuma sunan mahaifiyarsa aka raɗa wa jaririyar. Tsohuwar ta zo tun daga Kano a mota. Maƙwabta Mosi suna ce mata Yaba, wato kaka da yarensu, har mu ma muka ɗauka. Ban da na fasfon Hajji, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ranar nan ta rungumi takwararta, ta dube ni, ta ce, "Sau ɗaya, 'yar nan." Na ɗauka sau ɗaya. Tun da na fara aikin ban taɓa yin hoto kamarsa ba.

Sai layin masu gogewa ya biyo. Na yi ta gogewa har yatsana ya haddace hanya: kwandon shara, ƙasa, e. Anti Rabi na miƙo mini kofin zom-kom, ruwan geron nan na Mosi, wata na jan hannun rigata, sai yatsan ya ƙara taku ɗaya ya sauka kan "goge duka". Kyamararku ta tambaye ni ko na tabbata, cikin Faransanci mai kyau, irin wanda na yi shekara huɗu ina koyo. Na ce na tabbata.

Abin da na yi bayan nan ya fi muni. Kunya ta hana ni faɗa, na ci gaba da ɗauka ina murmushi har la'asar, na cika katin kyamarar dam. Washegari mai sibar ya ce da na tsaya nan take, da ya iya tono hotunan, amma na binne su da hannuna.

Ga roƙona:

1. Ku raba "goge ɗaya" da "goge duka". Ba su dace da maƙwabtaka ba. Ku kai na biyun can ƙarshen jeri, ku sa masa lambar sirri.

2. Kwandon sharanku ya zama kwandon gaske, wanda ke riƙe abin da aka jefa ko da kwana ɗaya ne. A gidanmu ma, in cokali ya faɗa shara, ana sa hannu a ɗauko.

3. In ɓarna ta riga ta faru, kyamara ta rubuta da manyan baƙi cewa kada a sake ɗauka. In da hali ta yi ƙara. Tana da bakin yin kuka a tsakiyar addu'ar liman don batir ya yi ƙasa, amma ranar nan ta yi shiru kamar sabuwar suruka.

4. Na san akwai hanyar kulle hoto. Tana cikin littafin da kuka haɗo a kwali, kuma na karanta shi tsaf ranar Lahadi. Ku fito da ita waje, danni ɗaya, saboda masu digiri irina.

5. Tunda ga ni ga ku: in mace baƙa ta sa farar shadda, kyamararku shaddar take gani. Ku koya mata cewa fuskar ce ta zo biki.

Ranar Litinin da hantsi na koma gidan, na durƙusa na faɗi gaskiya, na roƙi a sake. Hajiya Yaba ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ya yi kyau?"

Na ce, "Wallahi ya yi kyau, Hajiya."

Ta ce, "To ke ai kin gani. Ni sau ɗaya na ce."

Jumma'a za ta koma Kano. Matar Alhaji ta rako ni har zaure, ta yi mini sauka lafiya cikin mutunci, ta ƙara da cewa sunan da za a yi a gidan ƙanwarta a unguwar Dasasgo sun riga sun kira wani tsoho mai kyamarar fim. Sannan ta rufe ƙofar a hankali. Na tura ɗan babur ɗina, mobilet, har bakin titi kafin na tayar, don kada ƙararsa ta tashi jaririya.

Ba na tuhumarku da laifin yatsana. Ina dai roƙonku ku gina kyamarar da ta san cewa irina ne ke riƙe ta. Allah Ya ƙara muku basira, Ya albarkaci sana'arku, Ya tsare ku daga amsa "e" ga tambayar da ba ku karanta ba.

Wassalam.

Balkisa mai hoto,
Zango, Wagadugu