Ƙorafin Maharban Tungar Makau Kan Bindigoginsu Da Aka Riƙe

Daga: Namadi Sarkin Baka,
Tungar Makau, Ƙasar Bukkuyum.
6 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Tattara Bindigogin Maharba,
Bukkuyum.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RIƘE BINDIGOGINMU BAYAN ZAƁE DA HANA SAYAR DA ALBARUSHI A KASUWARMU

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Namadi, shugaban maharban Tungar Makau. Na rubuto ne a madadinsu da kuma manoman da muke tsare wa gonaki.

1. Ranar Alhamis, 13 ga Maris, ranar kasuwarmu, wakilan kwamitinka suka zo suka bayyana mana cewa saboda zaɓe ya gabato, za a ajiye bindigogin maharba har a gama ƙidayar ƙuri'a. Ba mu yi gardama ba, domin mun ga dalili: in siyasa ta yi zafi, gara ƙarfe ya yi nisa da hannun samari. Ni na fara miƙa tawa, harba-ruga ce da na gada wurin mahaifina. Maiɗakina Habsu ta dafa musu zabi, suka ci, suka yaba, muka raka su har bakin mota.

2. An yi zaɓe a watan Afrilu, a garinmu ko mari ba a yi ba. Ranar 5 ga Mayu na zo ofishinku, aka ce mai riƙe da makullin sito ya tafi gaisuwar mutuwa. Na yi wa mamacin addu'a na koma. Da na dawo a watan Yuli na sami mai makullin, mutum mai fara'a ƙwarai, sai dai ya ce makullin yana wata rigarsa. Alhali kuwa, maharban tsallaken gulbi sun karɓi nasu tun kafin ruwan shuka. Mutane suna ta raɗa cewa an bar mu ne don akwatinmu bai faɗa wa wanda ya ci ba. Ni ban yarda da wannan magana ba, ranka ya daɗe, kuma ina roƙon ka taimake ni in ci gaba da ƙin yarda.

3. Tare da karɓe bindigogin aka hana sayar da albarushi a kasuwa. Dalhatu, wanda ya gaji wannan sana'a, ya san kowane maharbi da ubansa, kuma bai taɓa auna wa baƙuwar fuska ba. Yanzu gishiri da kanwa yake sayarwa. Amma albarushin bai ɓace ba, bayan tasha ya koma, hannun wasu mutane da ba mu san garinsu ba. Ga tsada, ga shi an cakuɗa da garin gawayi. Jatau, mataimakina, ya aro bindiga wurin surukinsa na tsallake, ya ɗura irin wannan albarushi. Da ya ja kunama sai ta yi huci kawai, wuta ta dawo ta cinye masa rabin gemu, birin da ya auna kuwa yana zaune yana kallonsa. Alhamdu lillahi idonsa lafiya lau, shi da kansa yake ba da labarin a majalisa ana dariya. Abin da ba na dariya ba shi ne, masu bayan tasha ba sa tambayar kowa sunansa, kuma mun ji har bindigogi ƙirar gida suna sayar wa mutanen da ba su da gona ba su da farauta.

4. Babbar damuwarmu ita ce birai. Garinmu a gindin dutse yake, kowace damina sukan sauko, mukan harba sama, su koma. Bana sun gane. Mun fere sanduna muka shafa musu baƙin tukunya muna saɓawa a kafaɗa, abin ya yi aiki na ɗan lokaci, har ranar da babban gwaggon birinsu ya tako a hankali, ya karɓi sandar daga hannun Sufyanu, ɗaya daga cikin maharbanmu, ya shinshina, ya yar. Tun daga nan suka daina gudu. Mata suna buga tasoshi, su kuwa kamar kiɗa ake yi musu. Masara ta tafi, gero ma sun yi mana rabo yadda suka ga dama.

5. Wadda abin ya fi shafa ita ce Inna Ladi, wadda mijinta ya rasu bara, gonarta ce ta farko daga dutse. A shekarunta, wuni take yi tsaye da majaujawa. Geron da ta samu bana, a ka ta ɗauko shi gida. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, cewa ta yi in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko birai ma sun yi zaɓe ne. Mijinta abokina ne, ranka ya daɗe, kuma ina jin kunyar wucewa ta ƙofar gidanta hannu rabbana.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, muna roƙon a dawo mana da bindigoginmu kafin ƙarshen wannan wata, domin dawa ta fara nuna, azumi kuma yana tafe. Muna roƙon a bar Dalhatu ya koma rumfarsa a gaban idon hukuma, kuma mun amince a yi wa kowane maharbi rajista, mai gari ya tsaya mana shaida. Muna kuma roƙon a leƙa bayan tasha tun abin bai girma ba.

In Mai Girma yana so ya gani da idonsa, muna maraba da shi kowace rana da hantsi, lokacin da birai suke saukowa. Sai dai a riƙe hula da kyau, domin ta limaminmu tana kan dutse tun ranar Juma'a.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Namadi Sarkin Baka,
a madadin maharba da manoman Tungar Makau.