Kun Karɓe Gonar Baba da Masara a Tsaye

Zuwa ga shugabannin kamfanin da ya yi wasan noman nan na cikin waya, a duk ƙasar da kuke.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ba zan ambaci sunan kamfaninku ba, don kun san kanku, kuma ni ma har yau ban iya furta shi daidai ba. Sunana Musbahu, ina sayar da taki da irin shuka a kasuwar Malumfashi. A kan mahaifina na rubuto, wanda muke kira Baba.

Baba ya yi noma a Gozaki ta ƙasar Kafur tun kafin a haife ni, har gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba. Da ƙyar muka lallaɓa shi ya dawo wurina, ƙannena suka ci gaba da noman gonakin. Mutumin da ya saba fita da fartanya tun da farar safiya ya koma zaman tabarma a zaure, yana faɗa da kaji, yana faɗa da rediyo. Don mu samu lafiya a gidan, a ranin bara na saya masa wasanku. Ga ƙorafina dalla-dalla.

Na farko, saye na yi. Abin da na danna a shagon da ake sauko da wasanni “saya” aka rubuta a kansa da Turanci, banki kuma ya aiko da saƙon ya cire kuɗina cif. Da na kai wa Baba, sai ya ce shi bai taɓa jin an sayi gona babu shaidu ba. Ya aika aka kira maƙwabtanmu biyu, Malam Idi da Malam Haruna, aka ajiye waya a tsakiyar tabarma, aka raba goro, aka shafa fatiha, aka ce Allah ya sa albarka. Malam Idi har ya tambaya wa ke iyaka da ita ta gabas. A ranar na yi dariya har da hawaye. Yanzu na daina.

Na biyu, ba a bar gonar nan ta zama saura ba. Da fari Baba ya raina ta, wai wace irin masara ce za a shuka da azahar a karya da la'asar? Ba a yi mako ba ya fara korar mutane daga zaure idan lokacin girbi ya yi. Ya faɗaɗa ta, ya gina rumbuna, ya tara shanu. Kun yi ta tallata masa garken aladu, ya ƙi, kuma ya ce in gaya muku ku ji tsoron Allah. Ya sha faɗa a gabana, ni mai sayar da taki, cewa nan ce kaɗai gonar da kuɗin taki ba ya tashi. Har limamin unguwarmu ya tambaya ko akwai zakka a kan amfanin, liman ya ce a ba shi lokaci ya duba. Baba ya koma cin tuwonsa tas, kaji suka huta.

Na uku, wata Juma'a a watan jiya ya shuka masara tun daga wannan iyaka har waccan, da niyyar ya karya in ya dawo daga masallaci. Na tafi da wayar zuwa shagona na yi mata caji, tunda babu wuta a gida. Muka dawo, ya taɓa, wasa ya ƙi buɗewa, sai wani ɗan rubutun Turanci wai kuna godiya da zaman da aka yi tare. Godiya! Na kai wa mai gyaran waya a tasha, ya duba, ya ce kun cire wasan daga shagon wasanni gaba ɗaya, kun kuma kashe na'urorin da ke riƙe da shi. Ya ce a cikin dogon rubutun nan da kowa ke danna “na yarda” bai karanta ba, kun faɗa cewa izinin amfani kawai kuka ba ni, kuna iya karɓewa ran da kuka ga dama.

Na huɗu, to mu ɗauka aro ne. Ranku ya daɗe, mu nan mun san aron gona, da shi rabin mutanenmu ke ci. Amma aro ma yana da ƙa'ida. Mai gona in yana son abarsa, tun da rani yake faɗa, kafin a kai taki, kafin a yi shara. Ko wanda ya fi kowa rashin mutunci a ƙasar Kafur ba zai shiga gona da amfani a tsaye ya ce a fita ba. Zai jira a girbe, a kwashe kara. Ku kuwa ko sallama ba ku yi ba. In kun ce kun yi sanarwa, to da Turanci kuka yi ta a inda Baba ba ya zuwa.

Na biyar, kuma shi ya hana ni sukuni. Baba bai yarda da zancen kamfani ba. Lissafinsa a fili yake: gona ba ta da ƙafa, an saye ta da shaidu, kuma a hannuna wayar ta yini. Saboda haka ni na sayar da ita. Na rantse, na kawo mai gyaran waya ya yi bayani, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce ashe wannan ne dillalin. Malam Idi da Malam Haruna kuma, Allah ya saka musu, suka tsaya kai da fata cewa a gabansu aka yi ciniki. Yanzu a kasuwa ba na iya auna wa mutum taki ba tare da ya tambaye ni ko har da shanun na haɗa ba. Na sauko masa da wani wasan noma, ya ture wayar, ya ce ba ya shiga gonar da bai san asalinta ba.

Duk wannan da sauƙi, a lokacin har ni ina taya mutane dariya. Shekaranjiya ne Baba ya kira ni zaure, ya sa na zauna kusa da shi. Ya ce ya san zamani ya yi tsanani, ga iyali, ga kuɗin makaranta, da na faɗa masa ma da shi zai ce in sayar. Ya dafa kaina ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kada in sake tayar da maganar. Na ce na gode, na tashi na fita.

Don haka ina roƙonku abu uku. Ku buɗe gonar nan ko na yini ɗaya ne, tsoho ya karya masararsa, sannan ku karɓi abarku a mutunce. Nan gaba kuma, inda aro ne ku rubuta aro da manyan baƙaƙe, ku daina rubuta saye. In duk waɗannan sun fi ƙarfinku, ku faɗa wa duniya, da Hausar da Baba zai ji, cewa ku kuka karɓe, Musbahu bai sayar ba. Kuɗin kuwa ku riƙe, ban tambaye ku ba.

Allah ya ƙara wa sana'arku albarka, ya ba ku tausayin masu hulɗa da ku, ya ja kwanan iyayenku. Allah kuma kada ya nuna muku ranar da mahaifinku zai yafe muku laifin da ba ku yi ba.

Wassalam.

Musbahu mai taki,
Malumfashi.