Ni na haɗa wayar da ta kayar da Hajiya, maigidana na sana'a aka ɗora wa laifi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da 'yan'uwa masu karatu, barkanku da warhaka. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa.

Ni mai aikin kuran ne, wato wutar lantarki, a nan Damagaram. Daga wani ƙauye na wajen Guna aka kawo ni birni aka damƙa ni hannun wani dattijo, bari in kira shi Baba Lawali. Shekara tara ina ƙarƙashinsa ina cin tuwon gidansa, shi ya koya mini riƙe turnabis, abin kwance sukuru, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Amma Allah na gani, mutum ne mai taurin kai. Duk abin da ya fito sabo wasan yara ne a wurinsa, in ka nuna masa bidiyo a salula sai ya kau da kai ya ce shi ba a cikin salula ya koyi kuran ba. Wannan hali ne ya ishe ni har na buɗe shagona, muna gaisawa dai, amma a raina kullum ina jiran ranar da zan nuna masa zamani ya wuce shi.

Ranar ta zo ne ta hannun wani Alhaji Bakano mai sayen wake da gyaɗa, yana da gidan bene a nan garin, kuma Baba ne ya ja masa wayoyin gidan tun ana ginin. Alhaji ya dawo daga Kano da kwali cike da makunnan zamani, irin waɗanda ake kunna ampul ɗaya, wato ƙwan fitila, daga wuri biyu, ka kunna a gindin bene ka kashe a sama, na biyun ma manna shi kawai ake yi a bango da batir ba waya, sannan ko kana kasuwa ka kunna da salula. Wurin Baba ya fara kai su. Baba ya juya ɗaya a hannu ya ce waɗannan suna son wata waya da babu ita a ramukan makunnan gidan, sai an fasa bango an ja sabuwa. Alhaji kuwa bai daɗe da yin fenti ba. Sai ga shi a shagona yana cewa, "Injiniya, tsohon nan ya ce wai sai an farfasa mini bango. Kai ma haka ka gani?" Injiniya! Ni da ban gama firamare ba. Kaina ya kumbura, ban ko je na duba gidan ba na ce, "Alhaji, aikin da daban, na yanzu daban. Ko ƙusa ba za ta taɓa bangonka ba."

Da na je gidan na buɗe makunni na farko gabana ya faɗi, don maganar Baba ce daidai. Bari in yi wa waɗanda ba sana'arsu ba ce bayani. Makunnin zamani akwai ɗan inji a cikinsa da ba ya barci, kullum yana jiran umarnin salula, saboda haka yana buƙatar wayar da kuran zai koma ta cikinta, wadda muke ce wa nutur. Babu ita a wurin. Wadda na gani ta ratsa ta ramin ita ce wayar ƙasa, wadda aka ɗaura a jikin duk wani abin ƙarfe na gidan, injin ɗumama ruwa, injin jan ruwa, firji, ta tafi ta ƙare a wani ƙarfe da aka binne a tsakar gida. Aikinta tsare rayukan mutane ne, ba a ɗora mata kaya. Na sani sarai. Amma in koma in ce wa Alhaji tsoho ya fi ni gaskiya? Da wane baki? Na ce a raina ɗan kuran da wannan abu ke sha ai bai taka kara ya karya ba, ƙasa za ta shanye shi. Makunni goma sha ɗaya na ɗaura a kanta. Komai ya yi aiki, Alhaji yana zaune a rumfarsa yana kunna fitilun gidansa yana nuna wa abokai, ana ta sa mini albarka.

Lokacin damina ne, ƙasa a jiƙe, ta yi ta shanyewa kuwa. Da bazara ta kama, ƙasarmu ta bushe ƙamas kamar yadda kuka santa, ƙarfen da aka binne ya daina ja, kuran ya rasa hanya ya shiga yawo a ƙarafan gidan. Matar Alhaji ta aiko cewa famfon banɗaki yana ɗan cizo. Kun san me na ce? Na ce zafi ne, su riƙa sa silifa. Wallahi haka na ce, don kada in je in buɗe abin da na rufe. Bayan sati biyu mahaifiyar Alhaji, tsohuwa mai yawan yi mini addu'a duk sanda na shiga gidan, ta je alwallar la'asar ba takalmi, hannu a jiƙe ta kama famfo, ya fizge ta, ta zame ta faɗi ta karye a ƙugu. Yau kwananta ashirin tana salla a kwance.

A ƙofar asibiti Alhaji ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, ka gaya mini tsakaninka da Allah, daga ina wannan masifa ta fito?" Sai na ji bakina yana cewa, "Wayoyin gidan ne, Alhaji. Tun farko ba a yi aikin ƙasan yadda ya kamata ba." Magana ɗaya tak. Ban ambaci sunan kowa ba, amma wa ya ja wayoyin gidan? Washegari Alhaji ya je shagon Baba ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya ce idonsa ya mutu yana ta kashe mutane da aikin ganganci. Magana ta zaga unguwa. Masallacin da aka ba shi aikin sake wayoyinsa sun aiko ya dakata, wani mai shago ya je ya karɓe fankarsa da ya kai gyara ba a ko buɗe ta ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in a sana'a ba a taɓa cewa ga ɓarnarsa ba, yanzu yana zaune a bakin shago yana korar ƙuda.

Na so in lallaɓa in kwance abin ba wanda ya sani, Alhaji ya ce a'a. Ya katse kuran ɗin gidan gaba ɗaya, iyalinsa na fama da zafi, ya ce kada a taɓa ko waya ɗaya sai an zauna gaban mai unguwa ranar Alhamis bayan la'asar. Kuma wa zai buɗe bango ya nuna wa dattawa inda laifin yake? Ni. Ya ce in ba don tsufan Baba ba da tuni yana kumsariya hannun 'yan sanda, zai tsaya a kan ya amsa laifinsa gaban mutane ya kuma daina taɓa gidan kowa. To ni da ba tsoho ba, in ya san gaskiya ina zai kai ni? Ina da 'ya'ya uku, matata ba ta san komai ba, sai tambaya take me ya sa na daina cin abinci.

Jiya da hantsi Baba ya zo shagona a kan tsohon kekensa. Na miƙe na ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya ce, "Ɗana, a wayar ƙasa ka ɗaura su, ko?" Bai shiga gidan ba, Alhaji ya hana shi, amma ya sani. Ya ce, "Ban da gidan Alhaji akwai wani gida da ka yi wa haka?" Na ce babu, Baba. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce, "Ranar Alhamis ba zan yi musu ba. Kai kake da ƙananan yara, ni nawa ya rage mini a sana'ar? Abu ɗaya nake so, in an watse ka fasa bangon nan ka ja wayar kirki, ko Alhaji yana so ko ba ya so." Na ce Baba ai ni ne, ni na yi. Ya ce, "Na ji. In sun tambaye ka ko idona ya mutu, ka ce e. Ai dama ya fara." Ya hau kekensa ya tafi.

Tun jiya haushi nake ji, haushin kaina, haushin Alhaji da fentinsa, har haushin Baba nake ji. Me ya sa bai zage ni ba? Da marina ya yi da na samu sauƙi. Yanzu ya buɗe mini ƙofar tsira, in na bi ta cikinta zan ci gaba da zama Injiniya, shi kuma ya ƙare rayuwarsa ana nuna shi a matsayin makahon da ya karya uwar mutane. In na ƙi bi, shagona da sunana sun tafi, wataƙila har da 'yancina, kuma na watsa masa kyautarsa a fuska.

Jibi ne Alhamis. Zan tsaya da turnabis a hannu gaban mai unguwa, Alhaji a dama, Baba a hagu yana kallon ƙasa. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?